Talo-talo a tsakar gida: me ke kashe 'yan tsaki kafin wata biyu?

Uwar Gida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah me ke sa 'yan tsakin talo-talo su riƙa mutuwa, alhali kajin da suke tsakar gida ɗaya da su lafiyarsu lau? Ɗan tsako ya saki fukafukai, ya takure gefe, kashinsa ruwa-ruwa launin ruwan ɗorawa, kwana uku sai gawa.

Mai Kiwo: Wa alaikumus salam Hajiya. Kajin nan su ne abin zargi. Akwai wata 'yar tsutsa a hanjin kaza, ƙwanta na ɗauke da ƙwayar cutar da ke cin hantar talo-talo. Kaza tana yawo da ita ba ta ko nuna alama, ta zubar a kashi, talo-talo ya tsattsaga wurin ya kwasa. In ɗaya ya mutu a buɗe cikinsa a duba hanta. In an ga tabo zagaye-zagaye kamar an ɗora kwabo, ita ce. Ƙwan tsutsar yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, tanar ƙasa ma takan haɗiye shi, talo-talo kuma ya ci tanar, shi ya sa abin ya fi tsanani da damina. Magungunan da ke kashe ƙwayar an hana ba wa tsuntsun da za a ci a Turai da Amurka, don haka dabara ita ce rabuwa: akurki daban, mazubin ruwa daban, kajin kuma a ba su maganin tsutsa irin fenbendazole ko levamisole bisa awon da ke jikin kwalin.

Anti Babba: Har tsintsiya daban, ƙanwata. Nan ake yawan kuskure. A share wurin kaji, a wuce da tsintsiyar da silifas ɗin zuwa wurin talo-talo, an kai musu cutar da hannu ke nan. Da safe a fara da 'yan tsaki, sannan manya, kaji su ne ƙarshe. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuma a daina watsa shi a tsakar gida. Ga sabulu da gishiri da suke sha, ga sauro da ke taruwa.

Uwar Gida: Sauro kuma, Anti? Har su yake cizo?

Likitan Dabbobi: Sosai ma Hajiya. Kan talo-talo da wuyansa ba gashi, nan sauro ke sauka, kuma shi ke yaɗa ƙurajen nan masu ɓawo da ke rufe musu ido. Wanda ido ya rufe ba ya ganin abinci, yunwa ke ƙarasa shi. A sa raga a tagar akurki, a yi rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar ƙurajen da ta cutar Newcastle mai kashe kaji. Ga wani abin lura: allurar ƙurajen, kaza a fatar fiffike ake soka mata, talo-talo kuwa a cinya, saboda yana cusa kai ƙarƙashin fiffike in zai yi barci, sai maganin ya taɓa fuska. In Lasota, wato rigakafin Newcastle, za a ba su a ruwa, a janye ruwan sha awa ɗaya zuwa biyu tukuna, kada a yi da ruwan famfo mai kulorin, kuma su shanye cikin awa biyu.

Mai Kiwo: Likita, a taɓo musu batun abinci, nan ma ana asara.

Likitan Dabbobi: To. Ɗan tsakon talo-talo yana son furotin kusan kashi 28 cikin 100 a makonnin farko, na kaji kuwa 20 zuwa 23 ne. Dusa da tsaki kaɗai ba su isa ba, shi ya sa ƙafa ke karkacewa, girma ya tsaya. A ƙara da dafaffen ƙwai da aka marmasa, ko garin kifi, ko gara. Sai abu biyu da ke kisa farat ɗaya. Abincin kajin nama da aka sa wa maganin salinomycin guba ne ga talo-talo, musamman manya, a karanta takardar buhu kafin a saya. Na biyu, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna, daga nan aka gano gubar afilatoksin. Buhun da ya sha laima a zubar, kada a ce ai tsuntsu ne zai ci.

Kawu: Ku bar ni da batun ɗumi. Makon farko digiri 35 zuwa 37 daidai bayansu, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Babu ma'auni? A dube su. Sun cunkushe ƙarƙashin fitila, sanyi suke ji. Sun gudu jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. Mai amfani da kurfoti ya bar garwashi ya kama sosai a waje kafin ya shigar, ya kuma bar kafar iska a sama.

Anti Babba: Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi ke buɗe musu ƙafa. Buntun shinkafa ko dusar katako, kaurin yatsu huɗu, inda ya jiƙe a kwashe a ranar.

Uwar Gida: Allah ya saka da alheri. Wasu ma ruwan ba sa sha sai an nuna musu.

Kawu: Haka suke, ba su da wayon 'yan kaji. Ranar da suka zo a tsoma bakin kowanne a ruwa, a jefa duwatsu masu ƙyalli a mazubin don su riƙa caka, kuma ya hana su nutsewa. Kafin su cika mako takwas kada ruwan sama ko raɓar safe ta taɓa su. Sai hantsi ya ɗaga, ciyawa ta bushe, sannan a buɗe akurki.