Canjin salansa da saitin ECU a Tracer 900 GT: da wanne ake farawa?

Matafiyi847:

Assalamu alaikum, masana. Babur ɗina Yamaha Tracer 900 GT ne, ƙirar 2019, ya ci kilomita 36,000, ba a taɓa masa komai a inji ba. Na doguwar tafiya ne, da akwatunan gefe, wani lokaci da goyo. Abu biyu nake son gyarawa: salansar kamfani ta yi nauyi kuma ba ta da murya, sannan in na saki totur a kwana na sake murzawa, a giya ta biyu ko ta uku, sai babur ya yi fizga. Shin canjin tukunyar baya kawai ya isa, ko sai cikakken saitin salansa? Dole ne a taɓa ECU, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, bayan haka? In dole ne, akwatin daidaita mai na Power Commander ya fi ko sake rubuta ECU ɗin kanta? Ba tsere nake nema ba, ƙarfin tsakiya nake so da totur mai laushi.

Oga Mai Sifana:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunkuya ka leƙa ƙarƙashin injin kafin ka sayi komai. Salansar wannan babur ɗinkakkiya ce guda ɗaya: bututan gaba uku, da katalis mai rage gubar hayaƙi, da tukunyar duk an yi musu walda tare. Babu mahaɗin da za ka kwance ka zura sabuwar tukunya kamar yadda ake yi wa wasu babura. Ko dai ka yanka ta da zarto, wanda ba na ba ka shawara domin ka kashe ta ke nan har abada, ko ka sayi cikakken saiti tun daga kan silinda. Kamfanonin Akrapovič, Arrow, Yoshimura da LeoVince duk suna yi wa wannan injin.

Wajen saye, ka tabbata an rubuta Tracer 900 da shekararsa, ba ɗan'uwansa Yamaha MT-09 kawai ba. Injinsu ɗaya, cc 847 mai silinda uku, amma Tracer yana da sitan ɗin tsakiya. A salansar kamfani akwai wurin da sitan ɗin ke tokara in an naɗe shi. Sabon saitin da bai zo da ƙarfen tokarar ba, sitan zai hau sama ya taɓa sarƙa ko bututu. Sai kuma bakin salansar: in ya kalli sama, hayaƙi zai riƙa dukan gindin akwatin dama har robar ta narke. Gajeriya mai fitowa ta ƙasa ita ce ta matafiyi.

Wajen ɗaurawa, inji ya huce sarai. Ka fara cire soket ɗin sensar iskar oksijin da ke jikin salansa kafin ka warware sensar, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke daga ciki. Sa kwali a bayan lagireto don kada sifana ta lanƙwasa masa haƙarƙari. Noti shida ne a kan silinda. Fesa musu man sassauta tsatsa tun dare, domin in kusar ta karye a cikin kan inji aiki ya koma wani abu dabam. Gaskit uku na bakin bututu sababbi za ka sa, tsohon ya riga ya matse ba zai sake toshewa ba. Jera komai a kwance-kwance, noti da hannu, sifirin a wurinsu, sai ka ga ko'ina ya zauna ba tare da dole ba, sannan ka ɗaure daga kan silinda zuwa baya, bi da bi. Notin bututu ba ya son ƙarfi, wajen 20 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka duba littafin babur ka yi da sifanar awo. Man hana kamewa a zaren sensa kaɗai, kada ya taɓa kanta. Kafin ka tayar, goge bututan tas da sifirit. Shatin yatsa da maiƙo suna ƙonewa su zauna a jikin ƙarfen. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau ɗaya ko biyu, sake bin notin nan shida.

Injiniyan Daino:

Oga ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki ɓangaren mai. Malam, fizgar da kake ji ba daga salansa take ba, kuma sabuwar salansa ba za ta cire ta ba, tana iya ma ƙara fito da ita. Dalili biyu ne. Na farko, in ka saki totur gaba ɗaya ECU tana yanke mai ɗungurungum don rage hayaƙi. Da ka sake murzawa sai man ya dawo lokaci guda, shi ne bugun da kake ji a sarƙa. Na biyu, a ƙaramin totur da juyi tsayayye, ECU tana sauraron sensar oksijin tana riƙe gaurin iska da mai a kusa da 14.7 bisa 1, inda katalis ya fi aiki. Inji kuwa ya fi ba da ƙarfi a tsakanin 12.8 da 13.2, kuma ya fi laushi a tafiyar yau da kullum in an ɗan ƙara masa mai a kan 14.7 ɗin.

Cikakken saitin salansa, musamman wanda ba katalis, yana canja yadda hayaƙi ke fita, saboda haka adadin iskar da silinda ke zuƙa a kowane juyi ya canja, jadawalin man kamfani kuwa yana nan yadda yake. Wani wurin mai zai yi ƙaranci, wani wurin ya yi yawa. Alamun ƙarancin: zafi ya ƙaru, babur yana tangal-tangal a tsayayyen totur, ga rami a tsakiyar juyi, daidai inda kake son ƙarfi don wuce mota da kaya a baya. Saboda haka amsar ita ce e, a taɓa mai.

Power Commander akwati ne da ke shiga tsakanin ECU da nozul masu fesa mai, yana ƙara ko rage tsawon lokacin feshi. Amfaninsa, in ka cire shi babur ya koma yadda yake. Amma a yankin da sensa ke mulki, duk man da ya ƙara ECU za ta gani ta janye, sai an haɗa masa abin da ke sarrafa saƙon sensar. Kuma ba ya isa ga jadawalin totur. Totur ɗin wannan babur na lantarki ne, YCC-T: hannunka roƙo yake yi, ECU ce ke yanke yadda bakin iska zai buɗe a yanayin tuƙi uku na babur ɗin, A, STD da B. Sake rubuta ECU, da manhaja irin ta Woolich Racing, shi ke kai wa ga wannan jadawali, da yankewar mai, da lokacin tartsatsin fulogi, da zafin da fanka ke tashi. Ga matsalarka, rubutun ECU ya fi. Ka ce wa mai aikin ya ajiye maka ainihin fayil ɗin kamfani, batir kuma ya kasance cike ko a jone da caja, domin wuta ta yanke ana tsakar rubutu tana iya kashe ECU.

In za a hau daino, wato na'urar auna ƙarfin babur, a toshe AIS tukuna. Wannan shi ne bawul ɗin da ke tura iska mai tsabta cikin bakin salansa don ƙone ragowar mai. In yana buɗe, sensar daino za ta ga oksijin fiye da gaskiya, mai saiti ya zaci mai ya yi ƙaranci ya yi ta ƙarawa, ka tashi da babur mai shan mai da baƙin fulogi. Shi ne kuma ke kawo yawancin tas-tas ɗin da ake ji in an saki totur. A auna babur kafin aiki da bayansa a kan daino ɗaya, giya ɗaya, iskar taya ɗaya. Kada lambar ta tsorata ka: ƙarfin doki 115 da kamfani ya rubuta a kan inji ne, a tayar baya za ka ga ƙasa da haka saboda abin da giya da sarƙa ke ci. Kuma kada ka kalli ƙololuwar layin kawai, kalli tsakanin juyi 4,000 da 7,000 a minti, nan kake rayuwa.

Tsohon Hannu:

Ban ƙi maganar Injiniya ba, amma ku duba kilomitar. Yana 36,000, duba bawul a wannan inji kuwa a wajen 40,000 ne. A yi shi yanzu, kafin saiti. Tazarar bawul na shiga 0.11 zuwa 0.20 mm ce, ta na fita 0.26 zuwa 0.30 mm, a inji mai sanyi, kuma na fita su ne suka fi matsewa. In aka yi saiti a kan matsattsun bawul, ranar da aka gyara su jadawalin ya tashi daga aiki. Tunda an buɗe, a sa sababbin fulogi NGK CPR9EA-9, tazara 0.8 zuwa 0.9 mm, a canja matatar iska, a daidaita bakunan iska uku da ma'aunin zuƙa. Sannan sarƙa: in ta yi sako-sako, ko robobin da ke cikin cibiyar tayar baya sun mutu, fizga za ta ninka. Mutane da yawa suna kai ƙarar ECU alhali laifin na sarƙa ne.

Inda na saɓa kaɗan: kada a mayar da mai gaba ɗaya a lokacin sakin totur. Yin haka yana rage riƙon inji a gangara, kuma babur mai goyo da akwatuna yana bukatarsa, in ba haka ba birki ne zai sha wahala. A sassauta dawowar man kawai. Haka kashe sensar oksijin: laushi zai ƙaru, amma tankinka lita 18 ne, duk man da aka ƙara a tsayayyen gudu daga zangonka ake cire shi. A bar yankin tafiyar babban titi kusa da yadda kamfani ya yi, a ƙara mai inda ake buɗe totur sosai.

Batun murya kuma, toshiyar rage ƙara ta zauna a ciki. Ƙarar da ke da daɗi na minti goma, bayan awa huɗu a juyi 5,000 ciwon kai ce, na goyo kuma shi ya fi kusa da ita. Cire toshiyar ma yakan rage ƙarfin ƙasa, kuma in an yi saiti da ita a ciki aka cire daga baya, gaurin ya sake canjawa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai kafin ranar daino. A ƙasashe da dama hawa titi ba katalis laifi ne. Akwai saitin salansa da ke zuwa da katalis da tambarin E, shaidar cika ƙa'idar Turai, a jikinsa, shi ya dace da mai ƙetare iyakoki. Ka adana salansar kamfani, kuma ka sani taɓa ECU yana iya zubar da garanti in da saura.

Matafiyi847:

Allah ya saka da alheri, na gane tsarin: bawul da sabis, sai salansa, sai daino. Saura ɗaya, ranka ya daɗe Injiniya. In na ɗaura salansar, zan iya hawa kafin a yi saitin? Kuma matatar iska irin mai wankuwa tana ƙara wani abu?

Injiniyan Daino:

Za ka iya hawa zuwa wurin saiti, da toshiyar a ciki da sensa a jone, a matsakaicin totur. Abin gudu shi ne riƙe totur a buɗe na tsawon lokaci a babban juyi da kaya, domin a nan sensa ba ta gyara komai, ƙarancin mai kuma zafi yake tarawa a kan fistin da bawul na fita. Matata mai wankuwa ƙarin da take yi a wannan inji kaɗan ne ƙwarai, kuma in hanyarka da ƙura ta takarda ta fi tacewa. In dai za ka sa ta, sa ta kafin daino, kuma kada ka cika mata mai bayan wanki. Kafin ka bar gida, tayar da injin yana sanyi ka kai bayan hannunka kusa da kowane mahaɗi ba tare da ka taɓa ba. In ka ji iska tana bugowa ko ka ga baƙin toka a bakin gaskit, akwai yoyo, kuma yoyo yana ruɗa sensa kamar yadda AIS ke yi. A toshe shi kafin a ɗora babur a kan daino.