Aikin gayyar kwashe shara a bakin tafkin Legas: ta ina za mu fara?

Mai tambaya, Ebute Metta:
Assalamu alaikum. Matasan unguwarmu, mu kamar 30, muna son yin aikin gayya mu kwashe sharar da ta taru a bakin tafki, wajen da ake hango Gadar Third Mainland. Robobin ruwa da ledar fiya-wata sun rufe gaɓar har ba a ganin ƙasa. Wane lokaci ya fi dacewa, wane kaya za mu tanada, kuma ina za mu kai abin da muka tara? Masu sani a taimaka.

Amsa daga Obalende:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko a wurin aiki. Kada a sa rana sai an san motar da za ta kwashe sharar da ƙarfe nawa za ta zo. Ku rubuta wa LAWMA, hukumar kwashe shara ta jihar Legas, takarda kamar mako biyu kafin ranar, ku faɗi wurin da yawan buhunan da kuke zato, domin suna da sashen da ke kula da sharar kan ruwa. In ba ta samu ba, ku yi jinga da kamfanin PSP, wato kamfani mai zaman kansa mai kwashe sharar unguwar. Kada ku ba masu tura baro, gwamnatin jiha ta hana su, kuma sau da yawa a kwata suke juyewa, ruwan sama ya sake kawo muku ita.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne tafkin Legas ba kamar tafkunan Arewa ba ne. Yana haɗe da teku, don haka ruwansa yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. Buhun da aka bari a gaɓa da hantsi, kafin la'asar ruwa ya cim masa, ya fasa ya watsar, wahala ta tashi a banza. Ku duba jikin gaɓar za ku ga layin da shara da itace suka jeru, nan ne iyakar inda ruwa ke kaiwa. Wurin tara buhuna ya zama sama da wannan layin sosai, kuma inda mota za ta iya shiga.

Lokacin janyewar ruwa yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka ba kowace Asabar ce ta dace ba. Ku nemi ranar da ruwa zai kai ƙarshen janyewa tsakanin 8 da 9 na safe, ku fara da 7, ku tashi da 10 kafin rana ta yi zafi. Akwai jadawalin a intanet, amma na bakin teku ne, cikin tafki yakan ɗan makara, don haka ku tambayi masuntan wurin. A farkon watan Musulunci da kuma daren sha huɗu ruwa ya fi janyewa nesa, ya kuma fi cikowa da ƙarfi. Ku kauce wa Yuni da Yuli, ruwan sama ya yi yawa.

Sannan ku je ku gai da Baale, wato basaraken Yarbawa na wurin, da shugabannin CDA, ƙungiyar ci gaban unguwa, in da hali da rakiyar wakilin Sarkin Hausawa. Bakin ruwa yana da masu shi, akwai masu kwale-kwale da masu shanya taru.

Amsa daga Idi-Araba:
Malam ya gama magana a kan lokaci, ni ɓangaren lafiya zan taɓa. Safar hannu ta asibiti ba ta da amfani a nan, kwalba ɗaya za ta yaga ta. A sayi mai kauri irin ta masu gini, wadda aka shafe tafinta da roba. Kowa ya sa takalmin roba mai dogon wuya. Mai silifas a ba shi aikin rabon ruwa ko rubuta lissafi, kada ya sauka gaɓa, domin ƙusa da fasasshen gilashi suna ɓoye cikin laka.

Allura da sirinji da reza ba a sa su a buhu, za su huda su soki mai ɗauka. A tanadi jarka mai kauri mai murfi, a rubuta a jikinta, mutum ɗaya ya riƙe ta, a riƙa ɗauka da hantsaki ko filaya. Wanda ya yanke ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, ya je asibiti a duba maganar allurar tetanus, musamman in ya wuce shekara 5 bai yi ba. Ruwan gaɓa yana gauraye da na kwata da fitsarin ɓera, mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa ya haƙura da shiga. Ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da bokitin wanke hannu kafin a ci komai. Lambobin gaggawa na Legas 112 da 767 ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne taɓo. Yakan yi kama da busasshiyar ƙasa, mutum ya taka ya nutse har gwiwa. A fara gwadawa da sanda, kuma kada kowa ya shiga ruwa don ya kamo robar da ke yawo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. To ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke toshe gaɓa, mu haɗa da ita? Kuma buhu nawa zai ishe mu?

Amsa daga Mile 12:
Ku bar ciyawar, ƙanena. Ruwa ne fal a cikinta, buhu ɗaya sai ya gagari mutum biyu, ga macizai suna fakewa a ciki. Ta fi yawa daga ƙarshen damina, in rani ya yi gishiri ya ƙaru a ruwa takan mutu da kanta. In ta toshe hanyar jirgin ruwa, LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, ake gaya wa. Ku dai jawo robobin da suka maƙale a bakinta da manjagara mai dogon ƙota.

Buhu kuwa ku nemi tsofaffin buhunan shinkafa, huɗu ga kowane mutum, wato 120. Baƙar leda tana fashewa, buhu kuma yana tsiyayar da ruwa. Kada a cika shi, kashi biyu cikin uku ya isa a ɗaure. Ku rabu biyar-biyar: biyu da manjagara, biyu masu tsinta, ɗaya mai kai buhu. Kada ku ɗibi wuri mai tsawo, mita 100 zuwa 150 da aka share tas ya fi rabin kilomita da aka yi wa tsallake-tsallake.

A ware tun wurin tsinta, don in an cakuɗa ba mai komawa ya ware. Gorar roba buhunta daban, a zubar da ruwan ciki a take ta da ƙafa. Gwangwani da ƙarfe daban, 'yan jari-bola za su saya. Ledar fiya-wata daban. Kamfanoni irin su Wecyclers suna karɓar roba, amma ku kira su tukuna, domin wadda laka ta ɓata ko rana ta cinye ba ta da daraja sosai. Famfas da tsumma da farin mazubin abinci na kumfa duk na motar shara ne. Wannan na kumfan, duk da an hana shi a Legas tun Janairun 2024, har yanzu tsofaffinsa suna nan a gaɓa. Ku fara tsince shi da hannu kafin a sa manjagara, in ba haka ba zai farfashe ƙanana ya gagari tsinta.

Kada a ƙona komai, hayaƙin roba guba ne ga gidajen da ke kusa. Ku ɗauki sikelin rataye ku auna kowane buhu ku rubuta, da wannan lissafin za ku san girman motar da za ku nema a karo na gaba.