Dole ne shugaban jami'a ya zama ɗan jiha?

Baba na Jekadafari: Assalamu alaikum. Ra'ayina dai ɗaya ne: duk jami'ar da ke Gombe, ta jiha ko ta tarayya, ɗan jiha ya kamata ya riƙe ta. Baƙo shekara biyar ɗinsa zai yi ya kama gabansa, mu a bar mu da ɓarnar.

Malama ta Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, jiha ke ɗaukar nauyinta, wannan da sauƙi. Ta tarayya da ke Kashere kuwa, ta 2011, kuɗin 'yan Najeriya duka ne. Kenneth Dike Inyamuri ne ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Farfesa Akinkugbe Bayarabe ne ya riƙe ABU Zariya a 1978.

Ɗan Kumo: Malama, Akinkugbe ai bai daɗe ba, a 1979 ya bar kujerar. A Jami'ar Legas ma rikici aka yi a 1965 da aka maye gurbin shugabanta Eni Njoku, Inyamuri, da Biobaku, Bayarabe. Baƙo ba ya samun haɗin kai, gaskiyar ke nan.

Malam na Bajoga: Ku ba ni dama, ina cikin aikin. Abin da ke cin raina shi ne yadda ake zaɓen. Da zarar wa'adin shugaba ya kusa ƙarewa, sashe sai ya rabu gida-gida, wanda kuke shan shayi tare ya daina amsa gaisuwarka. Farfesoshi masu furfura na bin gidajen 'yan siyasa da daddare riƙe da takardunsu. Wanda ya hau ta wannan hanya bashi ya ci, kuma da guraben ɗaukar aiki zai biya. Sai a turo maka yaron wani babba ya koyar, ba ka isa ka yi masa gyara ba. Ɗakin gwaje-gwaje babu sinadarai, ɗalibai na ɗaukar darasi ta taga. "Namu ne" bai taɓa gyara wannan ba.

Baba na Jekadafari: Malam, to 'ya'yanmu fa? Wa zai duba su wajen ba da gurbin karatu?

Malama ta Tudun Wada: Tsari ya riga ya duba su, Baba. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da ke baya a boko. A bi shi da gaskiya kawai.

Malam na Bajoga: Kuma majalisar gudanarwa ce doka ta ba wa ikon naɗa shugaba. A Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun jami'o'inta gaba ɗaya, aka kusa shekara babu su. Wa ya ɗaga murya a nan?

Ɗaliba daga Billiri: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Wata takwas muka zauna a gida a yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022. Ni wanda zai fitar da sakamako a kan lokaci, ya kawo ruwa ɗakunan kwana, shi nake so, ko daga ina ya fito.

Baba na Jekadafari: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma ɗan jiha idan ya ci amana, mun san gidansu, za mu tarar da shi a masallaci ko wajen jana'iza. Baƙo a ina za mu gan shi?

Malam na Bajoga: Baba, cikin waɗanda muka san gidajensu, wa aka taɓa tuhuma?