Shawarwari kan Shirya Bikin Fina-finan Gaskiya a Gombe

A wata tattaunawa tsakanin matasa masu ɗaukar fim da malamai da lauyoyi a Gombe, an duba yadda bikin nuna fina-finan gaskiya zai taimaka wajen fito da matsalolin take haƙƙin ɗan Adam. An kawo misalin bikin One World na fina-finan haƙƙin ɗan Adam da ake yi a birnin Prag na ƙasar Czech, wanda aka fara a 1999, amma akasarin mahalarta sun ce kwaikwayonsa kai tsaye ba zai yi tasiri a nan ba.

Batun da aka fi daɗewa a kansa shi ne kare waɗanda suka ba da labarinsu. Matar da aka zalunta, ko almajirin da aka ɗauka yana bara a bakin tasha, za su ci gaba da zama a unguwarsu bayan an naɗe allon majigi, saboda haka dole a nemi yardarsu, ko ta iyaye idan yara ne, a kuma ɓoye fuska da murya idan akwai fargaba. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi.

An kuma ce a ɗora muryar Hausa ko Fulatanci maimakon rubutu a ƙasan hoto, a fita daga ɗakin taron otal zuwa ƙofar hakimi da gidajen kallo, a ware wa mata lokacin rana. Lauyoyin sun buƙaci a gayyaci jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, domin mai ƙorafi ya san inda zai kai kukansa.