Wa ya taɓa yi wa ɗan sanda godiya, kuma ta wace hanya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun makon jiya. Daren Talata, wajen ƙarfe biyu, naƙuda ta kama ƙanwata, ga mijinta ba ya gari. Na ɗauko ta a motata, ba mu yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, ta mutu murus a tsakiyar titi. Ina ta murza makulli, ita tana ta salati a baya. Sai ga motar sintiri. Wallahi da na hango fitilarsu gabana faɗuwa ya yi, na ce shi ke nan, yanzu za a fara tambayar takardu. Ɗayansu ya haska tocila a kujerar baya, yana ganin halin da take ciki ya kashe ta, ya juya mana baya, ya ce wa abokin aikinsa ya buɗe ƙofar motarsu. Ni na riƙo ta, su suka tura tawa gefe, suka kai mu asibiti. Ba a yi minti arba'in ba ta sauka lafiya. Na fito in yi godiya, ashe tuni sun wuce. Ko sunan mutum ɗaya ban tambaya ba. Kashe tocilar nan kuwa har yau ina ganin ta a idona. Yaya ake nemo irin wannan mutumin? Kuma wa ya taɓa gamuwa da irin haka?

Direban Dare: Barka da arziki Hajiya, Allah ya raya. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙin dare, in aka ce in zauna in lissafa takaicin 'yan sanda, sai gari ya waye ban gama ba. Amma akwai ranar da ba na mantawa. Taya ce ta fashe mana, mota ta wuntsila, gilashi ya tsarge cinyar yaron motata, jini kamar an buɗe famfo. Mutane sun taru, kowa "innalillahi" kawai yake, wasu ma waya suka ɗaga suna ɗaukar hoto. Wani kofur ya kutso, ya tuɓe rigarsa ta ciki ya dunƙule, ya danne wurin da hannu biyu, bai ɗaga ba har muka isa asibiti. Akwai fasinja ɗaya da ke kukan wuya, jama'a na son finciko shi, ya daka musu tsawa ya ce kada wanda ya motsa shi. Daga baya likita ya ce dannewar nan ce ta tsayar da jinin. Bayan sati biyu na sa 'yan kuɗi a ambulan na je na same shi. Ya kalle ni ya ce, "Malam, in na karɓa, gobe kai da bakinka za ka ce biya ka yi." Kunya ta rufe ni, na mayar aljihu. Har yau ban san abin da ya kamata in yi masa ba.

Ba Ruwana: Ku yi haƙuri, ni ban ga abin godiya ba. Aikinsu ne, albashi ake biyansu a kai. Na taɓa kwana biyu a bayan kanta kan maganar da ban san hawa ba ban san sauka ba, aka sake ni ko "yi haƙuri" babu. Wa ya buɗe min zaure a lokacin?

Maman Biyu: Allah ya huci zuciyarka Malam, ba a kyauta maka ba, ba kuma wanda zai ce ka manta. Sai dai ungozomar da ta karɓi haihuwar ita ma albashi take ci, kuma na gode mata har sau nawa.

'Yar Saje: Babana shekara talatin ya yi a kaki. Mu a gida ba mu san shi da jiniya ko bindiga ba, ƙarar takalminsa a bakin ƙofa da asuba muka sani. Mamanmu ba ta runtsawa sai ta ji ta. In waya ta yi ƙara cikin dare, duk gidan tsit muke yi. Da ya rasu muna gyara akwatinsa, muka ga takarda guda a cikin leda, ta yi laushi don yawan buɗewa. Wata tsohuwa ce ta sa aka rubuta mata, tana godiya ya nemo mata jikanta da ya ɓace a cikin taro, ya goya shi a wuya yana zagayawa da shi har ta hango shi. Layi shida ne kacal. Shekara talatin, takarda ɗaya. Yaya Ba Ruwana, ba ina wanke kowa ba ne, shi kansa Baba yakan dawo ransa a ɓace saboda abin da ya ga abokan aikinsa sun yi.

Tsohon Sufeto: 'Yata, Allah ya jiƙan Saje. Hajiya mai tambaya, abin da kike nema ba wuya. Motar sintiri ba ta fita haka kawai, akwai littafin da ake rubuta wa ya fita, ƙarfe nawa, wane yanki. Ki je caji ofis mafi kusa da inda motarki ta mutu, ki faɗi rana da lokaci da sunan titin, za a gano su. Kada ki tafi da kuɗi ko kaya, direba ya riga ya gaya miki dalili, kuma kina iya jefa mutumin kirki cikin tuhuma. Wasiƙa za ki rubuta zuwa ga shugaban ofishin, ki faɗi abin da ya faru dalla-dalla, har kashe tocilar. Ki riƙe kwafi. Mu a aiki ƙorafi ne ke zuwa a rubuce, alheri kuwa a baki yake ƙarewa, shi ya sa in aka buɗe fayil ɗin mutum sai laifinsa kawai ake gani.

Nan gaba kuma ku riƙa duba lambar da ke jikin kaki. Tsohuwar dabara ce. Tun 1829 da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, lamba suke sawa a wuyan riga don a iya bambance wannan da wancan. Malam Ba Ruwana, lambar nan da ake yabo da ita, da ita ake kai ƙara. Da ka riƙe ta waɗanda suka tsare ka, da na ce ka rubuta kai ma.

Mai Karance-karance: Ga masu son rana ta musamman, akwai su. A Amurka tun 1962 Shugaba Kennedy ya ware 15 ga Mayu don tunawa da jami'an da suka mutu a bakin aiki. Indiya tata 21 ga Oktoba ce, saboda 'yan sanda goma da sojojin Sin suka kashe a Ladakh a 1959. A Disamban 2022 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 7 ga Satumba ranar haɗin kan 'yan sandan duniya, don a ranar aka kafa ƙungiyar da ta zama Interpol, wato ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, a birnin Vienna na ƙasar Austriya a 1923. Ni dai a ganina bukukuwan nan manya ne ke cin moriyarsu, kurtun da ke tsaye a rana bai cika sanin ana yi ba.

Ba Ruwana: Baba Sufeto, ban riƙe lamba ba, a lokacin ta kaina nake yi. Amma na ji.

Maman Biyu: Na dawo da labari. Na je yau da safe. Da farko wanda ke kan kanta ya ɗauka ƙara na kawo, har ya jawo takarda yana tambayar me aka sace min. Da na yi bayani sai ya saki baki yana kallona, ya kira wata abokiyar aikinsa ya ce in maimaita. An duba littafin, su uku ne a motar. Na ba da wasiƙar, an buga min hatimi a kwafina. Mai tocilar ba ya nan, ya kwana a aiki ya tafi gida barci. An ce in koma Alhamis da yamma.