Neman kalma: ƙarfen da ke buɗa rigar matan Turai

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara wani shiri kan tufafin liyafar dare na matan Turai a zamanin Sarauniya Biktoriya, gobe da hantsi za mu ɗauki murya. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: crinoline. Zobba ne na siririn ƙarfe, ƙanana a ƙugu, suna ƙara faɗi har ƙasa, an haɗe su da tsirin ƙyalle. Mace ta ɗaura, ta ɗora riga a kai, sai rigar ta buɗe kamar an kifa masaki. Daga 1856 ya yi tashe. A taimaka.

Telan Amare: Mu a shago kirinolin muke cewa, amma namu raga ce mai tauri da muke sa wa bakin rigar dina don ta tsaya. Ba ƙarfe.

Malamin Nahawu: Akurki! Ku dubi hoton abin, ku dubi akurkin kaji. Faɗi a ƙasa, tsuke a sama, ga ƙofofi. A ce akurkin riga, an gama.

Hajiya Babba: Haba Malam. Abin da Eugénie matar sarkin Faransa Napoleon na Uku ta sa, ga Charles Worth yana yi mata ɗinki a Faris, shi za a kira ɗakin kaji? Masu sauraro dariya za su yi, su manta da shirin.

'Yar Damagaram: Asalin kalmar Faransanci ne. Crin gashin doki, lin kuma lilin. Da farko fatari ne na yadi mai tauri da aka saƙa da gashin doki, daga baya ƙarfe ya gaji sunan. Su kansu Turawan keji suka kira na ƙarfen, don haka Malam bai yi nisa ba.

Malamin Nahawu: Allah ya yi miki albarka. Amma keji Turanci ne, akurki namu ne.

Telan Amare: To Malam, tela ma Turanci ne. In rufe shago ke nan?

Malamin Nahawu: Ku ne kuka mai da walima dina. Yaro ya tashi bai san fatari ba, ya san siket.

'Yar Damagaram: Kanawa dai an sha aro.

Telan Amare: Wa ke magana? Masu kiran makaranta lakwal?

Hajiya Babba: Ku bar yarinya da aikinta, dare yana yi. Ni dai abin da ake sawa ƙarƙashin tufafi daga ƙugu, fatari na san shi. Ki ce fatari mai zobba, ko tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Malamin Nahawu: Zobba na yatsa ne, Hajiya. Wanda bai ga hoto ba zai zaci ado aka yi masa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. A ambato na farko zan ce "kirinolin, wato fatarin ƙarfe mai buɗa riga", daga nan in ci gaba da fatarin ƙarfe. Akwai wurin da ake bayanin yadda rigar kan kama wuta idan mace ta gifta kusa da murhu ba ta ankara da faɗinta ba. Akurki ba zai zauna a nan ba, Malam, a yi haƙuri.

Malamin Nahawu: Ba komai. Ni dai a ajina akurki zan ce.

Mai Fassara: Saura bustle, tudun da suka koma ɗaurawa a baya wajen 1870.

Telan Amare: Kada dai Malam ya ce tozo.