Katangar kankare za ta iya tare narkakken dutse?

Baban Khadija, Limbe:
Assalamu alaikum. A gindin Dutsen Kamaru muke, wanda ya yi aman wuta a 1999 har narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili. Wasu a unguwarmu sun ce a yi karo-karo a gina katangar kankare bayan gidaje. Masana, aikin zai yi amfani ko asarar kuɗi ce?

Injiniya Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba a tare shi, karkatar da shi ake yi. Idan aka gitta masa katanga, sai ya taru a bayanta, samansa ya daskare, na ƙasa ya riƙa cicciɓa shi har ya haure. A dutsen Etna na Italiya, a 1992, an yi ganuwar ƙasa mai tsawon mita 234 da tsayin mita 21 don kare garin Zafferana. Wajen wata guda ta riƙe shi, sannan ya tsallake. Wadda ke aiki ita ce wadda aka ja a karkace tana bin gangare, ta ƙasa da tsakuwa da katafila ta tara, mai faɗin gindi sosai. Siririn kankare kuwa nauyi kaɗai zai ture shi, ban da zafin da ya haura digiri 1,000.

Malama Asabe:
Ku fara tambayar inda zai nufa idan an karkatar da shi. A 1669, da Etna ya yi aman wuta, mutanen birnin Kataniya sun lulluɓa da jiƙaƙƙun fatu suka fasa gefen magudanarsa, sai ya doshi garin Paterno, mutanen can suka fito da makamai suka kore su. Shi ya sa aikin na hukuma ne, da taswirar kwaruruka a hannu, ba na unguwa ɗaya ba.

Mai Famfo:
Ruwa ma ya taɓa yin aiki. A tsibirin Heimaey na ƙasar Aisland, a 1973, an shafe watanni ana fesa wa narkakken dutse ruwan teku don ya daskare, wajen tan miliyan 6, aka ceci tashar jiragen ruwa. Amma teku na gefe, narkakken dutsen kuma a hankali yake tafiya, duk da haka ɗaruruwan gidaje sun salwanta. A garin Grindavik na Aisland kuwa, a Janairun 2024, ƙasa ta tsage ta cikin ganuwar da aka yi don kare garin, gidaje uku suka ƙone.

Injiniya Ɗan Marwa:
Kuɗin nan, Alhaji, ku sa su a shirin ficewa. Ku fitar da hanyoyi biyu masu ratsa gangaren ta gefe, kada ku bi kwari, don nan narkakken dutsen yake bi. Saboda tokar aman wuta, ku tanadi takunkumi, ku yi wa rijiyoyi da tankuna murfi. Idan toka ta sauka a share rufi kafin ruwan sama, domin jiƙaƙƙiyar toka ce ke rufto da kwano.